FILIN MATA: Mu Gina Jirgin Ƙasa A Tsakar Gida

Ina fata an gama aikin kaka lafiya, hatsi ya shiga rumbu. Yau maganar kara za mu yi, watau karan dawan nan da aka jingine a bayan ɗaki.

Kowace uwa ta san motar kara. Da an yi girbi sai ki ga yara maza sun zauna gindin darni suna feren totuwa, suna ƙera mota har da ƙafafu da fitilu. Galibi mukan ce shara suke tara mana, mu sa tsintsiya. In kuwa yarinya ta matsa kusa, sai a daka mata tsawa, a ce wasan maza ne, ta tashi ta ɗauki talla. Ga shi kuwa a wurin wasan nan ne yaro ke fara koyon awo da lissafi, tun bai san sunansu ba. Daga baya in yarinya ta sha wuya a lissafi a makaranta, sai mu ce kan mata ba ya ja. Ashe mu muka kore ta daga ajin farko. Saboda haka shawarata bana ita ce, mu tara yaran gida duka, mata da maza, su gina babban jirgin ƙasa, da dogonsa da tashoshinsa, a gefe guda na tsakar gida.

Kada ku zaci abin na yara ne kaɗai. A birnin Hambug na ƙasar Jamus waɗansu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe wani gida a 2001, wanda aka cika shi da ƙananan jiragen ƙasa, da garuruwa da duwatsu da gadoji. In an miƙe dogon da ke ciki ya fi kilomita 15, kuma kusan komi an rage girmansa sau 87 daidai. Manya masu furfura suna biyan kuɗi su shiga kallo. Su da lantarki suke yi, mu da kara da yumɓu, amma asirin aikin ɗaya ne, shi ne awo.

Da farko sai a zaɓi hanyar da za a kwaikwaya, gama jirgin da bai san inda za shi ba ba ya koyar da komi. Dogo ya iso Kano a 1911 daga Baro, bakin kogin Kwara. Turawa auduga suka sa rai zai riƙa kwasa, amma manoman ƙasar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, har ta kai ga dalar gyaɗa da kakanninmu ke ba mu labari. Daga baya aka ja wani reshe ya bi ta Jogana da Zakirai da Ringim, ya isa Nguru a 1930. Mutanen Gezawa da Gabasawa sai su ɗauki wannan. Mu kuwa na wajen Dambatta, ga sabuwar hanya da aka fara aikinta a 2021, wadda aka tsara ta tashi daga Kano ta bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ta ƙare a Maraɗi cikin Nijar. Tsawonta wajen kilomita 284. Da ita zan yi misali.

Na san a ƙasarmu kara ba abin banza ba ne. Gona ta matse, da karan nan ake darni, da shi ake hura wuta, ganyensa kuma na dabbobi ne. Amma runguma guda ta isa, a roƙi maigida. Sai a nemi yumɓu, da ƙayar aduwa a madadin ƙusa, da gidajen ashana, da marafan kwalba, da bututun biro da ya ƙare, da gwangwanin madara ɗaya, da zare, da tef ɗinki na awon ɗinki. Ba a kashe ko kwabo.

A zaɓi gindin katanga, nesa da turmi da turken awaki. Sa'an nan a ba babbar yarinya tef, a ce mata kowace kilomita 1 santimita 2 ce. Ita za ta lissafa ta gaya muku dogon zai kai santimita 568, watau ya kusa mita 6. In tsakar gida ba ta da wannan fili, a bi kwanar katanga, ko a raba awon biyu. Nisan da ke tsakanin gari da gari kuwa, ta aro taswira a makaranta, ta auna da zare, ta kafa tsinke a mazaunin kowace tasha. Za ta tambaye ki, me ya sa ba a rage taragon da wannan awo ba? Ki ce ta lissafa ta gani: da an yi haka, da tarago bai kai ƙwayar gero ba.

Bayan wannan a kwaɓa yumɓu a yi doguwar kunya mai faɗin tafin hannu, a daɓe samanta sumul. Kada a yi hawa mai tsini, domin jirgin gaske ma ba ya iya hawan tudu kamar jaki, shi ya sa ake sare tudu, a cike kwari. Tun yumɓu da danshi a jera gajerun kara a gicciye, tazarar yatsa biyu biyu, sa'an nan a ɗora sillen kara guda biyu a kansu a tsawo, a kafe da ƙaya. Wurin kwana a tsaga ɓawon kara a jiƙa shi, zai lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Kwanar ta zama mai faɗi, in ta yi tsanani tarago faɗuwa zai yi.

Ga wurin da ake gane mai hankali. A yanka ɗan tsinke guda daidai faɗin gidan ashana, shi ne ma'aunin tsakanin dogo da dogo, kuma da shi kaɗai za a auna tun daga Kano har Maraɗi. In Audu ya yi nasa faɗin, Ladi ta yi nata, jirgi zai tsaya a inda aikinsu ya haɗu. Haka abin yake ga manya. Tsohon dogonmu faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, sabon irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan.

Ƙafafun ma da hikimarsu. Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki, shi ke riƙe dogo ya hana ta zamewa. To, a yanka totuwa a kewaye ta zama ƙafa, a manna mata marfin kwalba ta ciki ya zama leɓe. A soka tsinken tsintsiya cikin guntun bututun biro, a ɗaure bututun a ƙarƙashin gidan ashana, a sa ƙafa a kowane gefen tsinken. Gwangwani shi ne kan jirgi, a ja shi da zare. Huda marfi da yankan gwangwani aikin babba ne, kuma a lura, ɓawon kara yana yanka yatsa kamar reza.

Sauran aiki na ƙanana ne, kuma shi ya fi daɗi. Su gina dutsen Dala da yumɓu, da duwatsun Kazaure, da rijiyar Kusugu ta Daura, da hasumiyar Gobarau ta Katsina. Su tara tsakuwa a tashar Kano ta zama dalar gyaɗa. A barbaɗa toka a kewaye saboda gara, da dare kuma a rufe da tsohuwar tabarma, kada akuya ta cinye mana Jibiya.

In an gama a raba muƙamai, kuma a riƙa juyawa: yau Binta ce direba, gobe ita ce mai sayar da tikiti, jibi mai rubuta lokacin tashi da na isa. Ke uwa, ko kina tankaɗe, ki zama fasinja, ki sayi tikitin Daura, ki nemi canjinki daidai. Abokiyar zamanki ma a sayar mata da na Katsina.

Akwai darasi ɗaya da ya fi duka. A yi mararraba inda hanyar ƙauye ta ƙetare dogo, a koya wa kowane yaro ya tsaya, ya duba dama da hagu, ya saurara, kafin ya ƙetare da jakinsa na yumɓu. A gaya musu jirgi ba ya tsayawa nan take kamar keke, ko direba ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa. Garuruwanmu da yawa ba su taɓa zama kusa da dogo ba, gara yara su koyi wannan a tsakar gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yam mata, ga aikinku na wannan mako. In jirgi yana cin kilomita 60 a awa, bai tsaya ko'ina ba, awa nawa da minti nawa zai yi daga Kano zuwa Maraɗi? Ku aiko da amsa, tare da labarin jirginku, da adadin taragon da kuka yi.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa su amfane mu. Sai mako mai zuwa.