Soja shida, amma su wane ne?

A watan Yunin 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun man da ke zuwa Benin, tsakanin Salkam da Tibiri. Nan ƙasarmu ta Arewa ke nan, ba Diffa ko Tilaberi ba. Malamin da ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu, ya ɗaga hannu.

Inates, 10 ga Disamba 2019: 71. Shinagodar, 9 ga Janairu 2020: 89. Lambobi muka haddace. Amma Amurkawa huɗun da suka mutu a Tongo Tongo a 2017, duniya ta san sunayensu da fuskokinsu, har matar La David Johnson ta yi magana a talabijin. Namu da suka faɗi tare da su fa?

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai rauni. Akwai yaron da na koyar a CM2, ɗan manomi, gwanin lissafi. Harsashi ya same shi a ciki, ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, ya cika bai kai shekara 24 ba. Sanarwa ta riga ta fita da shi cikin waɗanda suka jikkata. Ko a cikin lambar ma babu shi.

Wasu malamai na cewa kada a shigo da yaƙi aji, wai siyasa ce. To, me muke yi idan muna koyar da Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na 1899? Voulet da Chanoine, waɗanda suka ƙona garuruwanmu, ɗalibanmu sun san sunayensu. Wasu kuma su ce sirrin soja ne. Wane sirri, bayan duk gari ya zauna makoki? Masu cewa ladansa na wurin Allah sun yi gaskiya, sai dai marayansa na wurinmu, a kan tabarma a ajin zana.

Ba sai an jira takarda daga Yamai ba. Kowace makaranta a Dogon Dutsi da Tibiri tana da rajista. Darakta ya buɗe ta, ya tambayi iyaye, a rubuta sunayen tsofaffin ɗaliban da suka mutu a bakin daga ko a gadon asibiti, a kafa a bangon da ke kallon tuta. Kwamitin iyaye kuma ya daina karɓar ko dala daga hannun matan da suka bari.