"Alleviate": Sassauci Suka Ce, Ba Warkewa Ba

Jama'a, duk wanda ke leƙa shafin Turanci na wannan jarida, ko yake sauraron sanarwar ƙungiyoyin agaji, ya san kalmar nan "alleviate". Ma'anarta ita ce a sassauta, a rage raɗaɗi. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin abu marar nauyi, kuma daidai take da "takhfif" da muke ji a Larabcin nan Sudan. Wato kamar a rage wa jaki buhu ɗaya daga cikin uku: kaya yana nan, tafiya ma tana nan.

Ita wannan kalma ba a jingina ta ga mutum, sai ga wahalarsa: talauci, yunwa, ciwo. Wasu kuma suna rikita ta da "elevate", wato ɗagawa sama, har su ɗauka an yi alkawarin ɗaukaka talaka. Ina! Ba a yi ba.

'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ga yadda ake wasa da ita. A 2000 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin Poverty Alleviation Programme, a 2001 ta maye gurbinsa da NAPEP, inda aka sa "eradication", wato tumɓuke talauci daga saiwa. Abin da ya fi zama a bakin mutane daga wannan babban alkawari shi ne Keke NAPEP. Ni kam na fi ganin gaskiyar mai cewa zai sassauta, don aƙalla bai cika baki ba.

To amma mu nan Hasahisa sassauci kaɗai ba zai ishe mu ba. Bayan dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamba 2023, kasuwanni sun watse, an wawashe shaguna, ɗakunan girkin taimakon juna da ake kira takaya su suka riƙe ran mutane da yawa. Wannan shi ne "alleviate" na ainihi, kuma Allah Ya saka wa waɗanda suka yi. Sojoji sun dawo da garuruwan a farkon 2025, sai dai tsohuwar matsala ta girmi yaƙin. Aikin noman Jazira da aka fara a 1925 da madatsar Sennar, guminmu na ciki tun zamanin kakanni, amma har yau da yawa daga cikin leburorin gona, ciki har da Hausawa, a kanabi suke zaune, babu takardar fili, ruwan sha da makaranta sai a hankali.

Saboda haka, ɗan kasuwa, idan aka kira taro aka ce za a yi "alleviating" wahalarku, karɓi buhun dawar, amma ka tambaya: na wata nawa ne? Wa zai yashe magudanan ruwan da laka ta cike? Domin idan manomi bai samu ruwa ba, babu auduga, babu gyaɗa, babu alkama, kai ma babu abin da za ka loda zuwa Gallabat.