Tukunyar giyar gida a Amurka da gorar kunun zaƙi a Maraɗi

Duk mai yawan leƙa Facebook ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon wani Ba'amurke a garejin gidansa yana juya ƙatuwar tukunya, yana koya wa sabon shiga yadda zai dafa giyarsa ta farko. Yawancinmu mukan ce a'uzu billahi mu wuce, kuma daidai ne. Giya haramun ce, ba na kiran kowa gare ta. Sai dai abin da ake ta nanata wa wannan sabon shiga, mai kunun zaƙi ta bakin tasha ta fi shi bukatar jin sa.

A can ma sha'anin bai daɗe da fitowa fili ba. Amurka ta hana giya daga 1920 zuwa 1933, kuma ko bayan ɗage hanin, dafa ta a gida ya ci gaba da zama laifi har shekarar 1978 da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarje wa baligi ya dafa galan 100 a shekara, kusan lita 380, da sharaɗin ba zai sayar ba. Jihohin Mississippi da Alabama ba su amince ba sai a 2013.

Tukunyar farko takan kama lita 19 zuwa 20. Tushenta tsiron sha'ir ne: a jiƙa ƙwayar, ta tsiro, a busar, sannan a tatso zaƙinta cikin ruwan zafi. A tafasa ruwan kamar awa guda tare da wani fure mai ɗaci da suke kira hops, a huce shi da sauri zuwa wajen digiri 20, a zuba yis, a rufe. Bayan kamar mako biyu a ɗura a kwalabe da ɗan sukari a aune. In sukarin ya yi yawa, kwalba ta fashe a ɗaki.

Amma rabin nasihar da ake yi masa ba ta girki ba ce, ta wanki ce. Da zarar an sauke tukunya daga wuta, duk abin da zai taɓa ruwan nan, cokali ne, mazurari ne, kwalba ce, sai an kashe ƙwayoyin da ke jikinsa. Dalili kuwa, ruwa mai zaƙi da ɗumi abinci ne ga kowace ƙwaya, kuma wadda ta riga shiga ita ke da tukunya. Don haka yana da ma'aunin zafi, yana kuma rubuta ranar da ya dafa.

To mu dawo gida. Kunun zaƙi da wannan abin farkonsu ɗaya: a jiƙa gero ko dawa, a niƙa, a dama, a sa tsiro don ya tsinke ya yi zaƙi, a ƙara sukari. Dolo na Burkina Faso da burkutu na Najeriya ma daga tsiron dawa suke tashi. Yis da kwanaki ne suka raba su da kunu. Daga nan fa sai mu saki hannu. Kunu ya huce a buɗe, a sirka shi da ruwan da ba a tafasa ba, a ɗura a gorunan roba da aka tsinto. Sannan ya yini a ranar watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, firigo ya zama akwati. Abin da Ba'amurke ke jira mako biyu da gangan, zafin Damagaram kan fara shi cikin yini guda ba tare da ya tambayi niyyar kowa ba.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Tsami ba giya ba ne. Nono da fura suna tsami, babu mai cewa suna sa maye. Amma gorar da ta kumbura, aka buɗe ta yi huci da kumfa, ta faɗi cewa wani abu na aiki a cikinta. Magabata sun san wannan iyaka: a Sahihu Muslim an ruwaito cewa ruwan zabibin da ake jiƙa wa Annabi (SAW) ba ya wuce kwana uku yana sha. Hukunci na malamai ne. Abin da ya fi damuna shi ne cikin yaro ɗan makaranta da ya sha kunun jiya, ya kwana yana zawo.

Maganin ma daga wajen masu giyar ya yaɗu. Louis Pasteur na Faransa ya fitar da littafinsa kan giya a 1876, kuma dabararsa ta ɗumama abin sha zuwa wajen digiri 60 don kashe ƙwayoyi ita ce ke sa lemun malta da ke shigo mana daga Najeriya ya yi watanni a kanti bai lalace ba. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin can suka koma ga dawa. Wato muna sayen ruwan tsiro a gwangwani da tsada, alhali namu ba ya iya kwana.

Za a ce mai gorar dala ashirin ina ta ga kuɗin ma'aunin zafi da sabbin goruna? Gaskiya ne, ribarta ba ta kai nan ba. Amma tafasa ruwan sirki, rufe roba, wanke gora da sabulu da ɗan ruwan jabel a ɗauraye, da dama kunu kaɗan sau biyu a yini maimakon mai yawa sau ɗaya, duk ba su fi ƙarfinta ba in an nuna mata dalili. Jami'an tsafta na ma'aikatun magajin gari su ke da wannan aiki, ta hanyar ƙungiyoyin mata, kafin azumi ya zo kasuwar kunu ta buɗe. Masu bincike na INRAN da jami'ar Maraɗi kuwa, tambaya ɗaya muke so su amsa mana da Hausa a rediyo: awa nawa gorar kunun zaƙi ke yi a zafin digiri 40 kafin ta zama abin zubarwa?