Faɗuwar gaba: Gargaɗi ne ko camfi?

Da wuya a yi babban rashi a ƙasar Hausa ba a ji wani a wurin zaman makoki yana cewa "wallahi tun safe gabana ke faɗuwa" ba. Wata ta ce jikinta ya ba ta, wani ya ce kwana uku idonsa na rawa. Daga nan sai a ɗauka cewa zuciya na hango abin da ke tafe.

Sai dai akwai abin da ake mantawa. Mutum na iya jin faɗuwar gaba sau ɗari a shekara, ba abin da ya faru, ya manta da su duka. Ranar da ta zo daidai da mugun labari ita kaɗai zai riƙe, ita zai riƙa ba mutane labari.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da ita. Sau da yawa ƙwaƙwalwa kan tattara alamun da ido ya gani ko kunne ya ji, sai jiki ya amsa kafin mutum ya gane dalili. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022 misali ne. A watan Oktoban 2021 an riga an dasa bam a kan layin dogon. Kwana biyu kafin harin, ’yan bindiga sun kutsa filin jirgin sama na Kaduna. Ministan Sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ce tun da farko ya nemi a sayi na’urorin sa ido amma ba a amince ba. Duk fasinjan da gabansa ya faɗi a wannan rana ba gaibu ya gani ba, alamu ne da suke a fili.

Don haka tambayar da ta dace ita ce: me aka gani, me aka ji? Idan tayar mota ta suɗe, ko direba na gyangyaɗi, ko an ba da labarin tare hanya jiya, to a sauka ko a ɗage tafiyar. Wannan hankali ne.

Idan kuma an duba babu dalili, Musulunci ya hana fasa al’amari saboda camfi, domin Allah kaɗai Ya san gaibu. Abin da aka koyar shi ne shawara, da sallar istihara raka’a biyu, da tawakkali. Wanda ya garzaya wurin mai duba ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma jefa imaninsa cikin haɗari. Illar ba ta tsaya nan ba: akwai mai jegon da aka hana zuwa asibiti, akwai ɗalibar da ta rasa jarrabawa, duk saboda wani ya ce jikinsa bai ba shi ba.

Akwai kuma ɓangaren lafiya. Ƙarancin jini, rashin barci, yawan shan kofi da ciwon damuwa duk suna kawo bugun zuciya da fargaba. Rawar ido ma yawanci gajiya ce. Wanda gabansa ke faɗuwa kullum har ya kasa barci ko fita nema, likita ya kamata ya gani, a auna jininsa, a saurari damuwarsa, kafin a fara zargin maƙiya.