Daga Gaɓar Norfolk Zuwa Fadamar Nguru

A gaɓar tekun Norfolk da ke gabashin Ingila, iyalai kan ɗaura wa mota ɗakin kwana mai taya, su yada zango, su taka sayyada a bakin ruwa domin kallon tsuntsaye. Wasunmu za su kira wannan aikin banza, ni kuwa ban yarda ba. Ƙungiyar RSPB da aka kafa a 1889 ce ke kula da fadamar Titchwell, kuma ƙauyukan yankin na cin moriyar masu ziyara.

Abin lura shi ne, wasu nau'o'in tsuntsayen nan, idan sanyi ya kama Turai, sukan ƙetare Sahara su sauka a fadamar Haɗejiya-Nguru, wadda ɓangarenta ya shiga jerin Ramsar a 2000. Sai dai madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke raya ta, kachalla kuma ta toshe magudanai. Inda tsuntsu ya rasa masauki, nan masunci da manomi da makiyayi ke rasa abinci. Ina kira ga gwamnatocin Jigawa da Yobe su tsaya tsayin daka a riƙa sako ruwan nan a kan kari.