RA'AYI: Sautin mota a Gombe: Ƙara daban, daɗi daban

Duk wanda ya taɓa tsayawa da la'asar a bakin titin Biu, ko a kusa da Tashar Dukku a cikin garin Gombe, ya san irin motar nan da ake jin zuwanta tun kafin a hango ta. Gilasanta na karkarwa, lambar bayanta na kaɗawa, amma da za a tambayi na bakin hanya wace waƙa ce ke tashi a ciki, ba zai iya faɗa ba, domin rugugi kawai ke isowa kunnensa. Mai motar ya kashe kuɗi masu kauri a wajen mai wayarin don a gyara masa sauti, ya dawo da ƙara, kuma ya ɗauka bukata ta biya.

Babu laifi mutum ya canza rediyo da lasifikokin da motarsa ta zo da su, sau da yawa ma dole ce ke sawa. Akasarin motocin da ke yawo a Gombe na hannu ne, sun sha shekaru a Amurka ko Turai kafin su sauka a Legas ko Kwatano. Fuskar lasifikarsu ta takarda ce, gefenta kuma na soso, ga zafin watan Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu, shi ya sa ba a jimawa take tsagewa ta fara kukan gwangwani. Wasu rediyoyin har yanzu na kaset ne ko na faifai, ba su haɗuwa da wayar salula. Tsofaffin da aka ƙera don kasuwar Japan kuwa suna kama zango ne daga megahaz 76 zuwa 90, don haka mai irinsu ba zai taɓa jin Progress Radio a kan 97.3 ko Jewel FM a kan 103.5 ba. Direban da ke wuni a hanyar Bauchi ko Yola ya cancanci abokin hira mai murya garau. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da ya tsaya a gaban mai sayar da kaya ya ce a ba shi wanda ya fi ƙarfi.

Tambayar da ya kamata ya fara yi wa kansa ita ce, me yake saurare? Mafi yawan abin da ke tashi a motocin Gombe murya ce: labarai, shirye-shiryen siyasa, sharhin ƙwallo, karatu da wa'azi, sai waƙoƙin da darajarsu ke cikin baitinsu. Maganar ɗan Adam ana fahimtar ta ne a tsaka-tsakin sauti, kimanin haz 300 zuwa 3,400, wato zangon da layin tarho ya daɗe yana aiki da shi. Ita kuwa ƙatuwar wufar da ake cika but da ita, aikinta na can ƙasa da haz 100, inda babu harafi ko ɗaya. Ba za ta ƙara wa muryar Mamman Shata haske ba, ba za ta fito da zaƙin kuntigin Ɗan Maraya Jos ba, sai dai ta danne su. Wanda ya saye ta don jin labaran ƙarfe shida ya yi kama da wanda ya sayi tukunyar biki don dafa shayi kofi ɗaya.

Sai batun lambobin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Za a ga lasifikar da ba ta fi faranti ba an rubuta mata wat dubu. Wannan adadi na ƙiftawar ido ne, ƙarfin da za ta iya ɗauka na ɗan taƙin lokaci. Ma'aunin gaskiya shi ne wanda ake kira RMS, wato ƙarfin da take iya jurewa a ɗore, kuma yawanci da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi, in ma an rubuta. Rediyon da aka ce yana ba kowace lasifika wat 50, a aikace bai cika wuce 15 zuwa 20 ba. Sannan akwai lissafin da mai shago ba zai faɗa ba: ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka. Idan aka murɗa rediyo fiye da ƙarfinsa, sautin kan karye ya koma kwarmato, kuma wannan karyewar ce ke ƙona ƙananan lasifikoki. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Hatsarin bai tsaya ga aljihu ba. Wutar mota bolt 12 ce. Amfilifaya mai wat 600, in an buɗe shi duka, zai ja kusan amfiya 50, alhali fitilun gaba guda biyu masu wat 55 ba su wuce amfiya 10 ba. Shi ya sa ake ganin fitila na lumshewa tare da bugun kiɗa, batir na mutuwa ba gaira ba dalili, altaneta na ƙonewa. Mafi muni shi ne wayar da ake jawowa daga batir zuwa but. Ƙa'ida ita ce a sa mata fiyus daf da batirin, ta kasance mai kauri ta jan ƙarfe zalla, a kuma sa mata roba a duk inda ta ratsa ƙarfen mota. Inda aka yi aikin gaggawa da siririyar waya, aka naɗe mahaɗa da leda, aka maye gurbin fiyus da guntun waya, ranar da ta goge ta taɓa jikin mota babu abin da zai yanke wutar. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Akwai kuma kayan aikin da ba a sayar da madadinsa a kowace kasuwa, wato kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. A ma'auninta, babba zai iya jure desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, amma da an kai 90 sai lokacin ya dawo sa'o'i huɗu kacal. Direban haya kan cinye waɗannan sa'o'in tun kafin azahar ɗin Litinin. Ƙananan ƙwayoyin halittar da ke can cikin kunne, masu mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, in sun mutu ba su sake tsirowa. Ciwon kuma ba ya sallama. Yakan fara da shuuu a kunne bayan an kashe mota, sai yawan cewa "na'am?" a cikin hira, sai ƙara murɗa rediyo, wanda shi kuma ke ƙara ɓarnar.

Mai irin wannan mota zai ce ai motarsa ce, kuɗinsa ne, kunnensa ne. Gaskiya ne, amma titi ba nasa ba ne shi kaɗai. Direban da ya rufe gilashi ya cika ɗaki da kiɗa ba ya jin hon ɗin ɗan acaɓa, ba ya jin jiniyar motar da ke hanzarin kai majinyaci Asibitin Koyarwa na Tarayya, ba ya jin ƙarar da tayarsa ko injinsa ke yi kafin su ba shi kunya. Matar da ta shiga Keke Napep daga Pantami zuwa Babbar Kasuwa da jariri a goye, lasifika na dukan ƙeyarsa, ba ta zaɓi hakan ba. Haka tsohon da ke jinya a Bolari ko Jekadafari, aka ajiye masa mota a gindin taga da tsakar dare. A nan babu bambanci tsakanin mai sa waƙa da mai sa wa'azi, domin kunnen maƙwabci desibel yake ji.

Ga mai son sauti mai daɗi, hanyar a bayyane take, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Ya fara da abin da yake sawa, domin waƙar da aka matse aka yi ta turawa a WhatsApp, ko aka loda a wajen masu tura waƙoƙi ba tare da kula da inganci ba, babu lasifikar da za ta dawo mata da abin da ta rasa. Daga nan ya canza lasifikokin ƙofofin gaba da masu inganci, daidai da ramin da kamfani ya yi, masu om 4 kamar yadda akasarin rediyoyin mota ke bukata. A ɗaure su tamau, a liƙe cikin ƙofa da abin da zai hana ƙarfe rawa, a tabbatar ba a juya wayoyin ɗaya ba, don in an juya su lasifikokin biyu za su riƙa cinye sautin juna. Idan rediyon ya tsufa, a sa mai Bluetooth, wanda zai raba direba da riƙe waya yana tuƙi. Amfilifaya shi ne na ƙarshe, in ma an bukace shi.

Masu wayarin na da babban rabo a wannan gyara. Sana'arsu halas ce, kuma mai sana'ar da ya ce wa kwastoma "ranka ya daɗe, wannan ba zai amfane ka ba" zai rasa cinikin yini, amma zai sami na shekaru. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da na masu Keke Napep na iya kafa ƙa'ida a tashoshinsu cewa in fasinja ya nemi a rage, a rage. Doka ma ba ta yi shiru ba, domin tun 2009 aka fitar da ƙa'idojin taƙaita hayaniya na ƙasa waɗanda hukumar NESREA ke kula da su. Abin da ya rage shi ne ita da hukumar muhalli ta jiha, GOSEPA, da jami'an kiyaye haɗurra su fara da wayar da kai a tashoshi da garejoji kafin a kai ga tara.

Gwajin kyakkyawan sauti ba shi da wuya. Direba ya kunna rediyo yana tafiya, ya ji kowace kalma tsaf, ya iya hira da na gefensa ba tare da ɗaga murya ba, ya kuma ji hon ɗin na bayansa. Wanda ya sami haka kuɗinsa sun yi aiki. Wanda sai mutanen unguwa uku sun shaida wucewarsa, ya koma wajen mai wayarin tun kunnensa na iya jin bayanin da za a yi masa.