A Ba Mai Tafiya A Ƙasa Rabonsa Na Titi

Malam Edita,

Ina neman ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in taɓo wani abu da ya faru a wasu biranen duniya lokacin annobar korona, wanda a ganina bai samu kulawar da ta kamace shi ba a wajenmu. Mun sha labarin kulle da takunkumi da allurar rigakafi har mun ƙoshi. Labarin da ya wuce mu shi ne yadda wasu birane suka yanki wani ɓangare na titi daga hannun motoci suka miƙa wa masu tafiya a ƙasa da masu keke, cikin 'yan kwanaki, da fenti da shingayen roba kawai.

Abin da ya jawo haka a fili yake. Jami'an lafiya sun ce a bar tazarar mita ɗaya zuwa biyu tsakanin mutum da mutum. To amma gefen titin da aka ware wa mai ƙafa a yawancin birane bai kai faɗin da mutum biyu za su gifta juna da wannan tazara ba. Ita kuwa kwalta ta zama wayam, domin masu motoci suna zaune a gida. Sai ga mutane sun yi layi a ƙofar kantin magani ko na abinci, an matse su a jikin bango, ga fili fetal a gabansu amma ba su da ikon taka shi. Ga kuma motocin haya da jiragen ƙasa da kowa ke tsoron shiga saboda cunkoso, alhali ma'aikatan asibiti da masu sayar da abinci dole su fita aiki.

A watan Afrilun 2020 birnin Milan na Italiya, wanda ke yankin da cutar ta fi yi wa ɓarna a ƙasar, ya sanar da cewa zai gyara titunan da tsawonsu ya kai kilomita 35, a faɗaɗa wajen masu ƙafa, a fitar da hanyar keke, a rage gudun mota zuwa kilomita 30 a awa. Paris ta hana motocin gida bin Rue de Rivoli, ɗaya daga cikin manyan titunan tsakiyar birnin, ta kuma shata kimanin kilomita 50 na hanyoyin keke, daga baya magajiyar gari Anne Hidalgo ta bar su dindindin. Bogota ta ƙasar Kolombiya ma ta riga su, tun a watan Maris ta buɗe kilomita 76 na hanyoyin keke na wucin gadi domin rage matsi a manyan motocin haya na TransMilenio. Ita Bogota ba ta sha wahala ba, saboda tun shekarun 1970 ta saba rufe manyan tituna duk ranar Lahadi mutane su yi tafiya da tuƙa keke. Ma'aikatan sun san aikin, direbobi sun san shingen, kayan aikin ma suna ajiye.

Sai dai birnin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne Oakland da ke jihar Kalifoniya a Amurka, domin a can ne aka yi abin da kyakkyawar niyya, aka yi tuntuɓe, sannan aka gyara.

A watan Afrilun 2020 magajiyar garin, Libby Schaaf, ta ba da sanarwar cewa za a taƙaita zirga-zirgar motoci a titunan unguwanni masu tsawon mil 74, wato kusan kilomita 119, kimanin kashi 10 cikin 100 na titunan birnin. Mai gida a layin zai iya shiga da motarsa, haka mai kawo saƙo da motar asibiti, amma mai neman yanke ba zai bi ba. Jaridu suka yi ta yabo, wasu birane suka kwaikwaya. A unguwannin masu hali mutane suka fito da yara da kekuna suna shan iska bayan sun wuni suna aiki ta intanet daga ɗaki.

A gabashin birnin, inda talakawa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka fi yawa, labarin ya sha bamban. Mutanen nan yawancinsu ba sa aiki daga gida. Su ne masu sayar da kaya a kantuna, masu shara, masu jinya, direbobi. Sun wayi gari sun ga shinge a bakin layinsu ba wanda ya yi musu bayani, wasu direbobi kuma suka riƙa kewaye shingen suna wucewa da gudu. Da aka zauna da su suka ce damuwarsu ba wajen motsa jiki ba ce. Damuwarsu manyan titunan nan ne masu faɗi da mota ke sharara gudu, waɗanda dole tsohuwa ta tsallaka kafin ta kai kantin abinci ko wurin gwajin cutar. Hatta jin ra'ayin jama'a da hukumar birnin ta yi ta intanet, sai aka tarar waɗanda suka amsa galibinsu fararen fata ne masu abin hannu, su ne kuma suka fi cewa sun ji daɗin shirin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambaye shi ba sai da aka gama rufin.

Abin da ya burge ni da hukumar birnin shi ne ba ta yi taurin kai ba. A watan Mayun shekarar ta fito da wani sashe na shirin wanda ya koma kan wuraren da mutane ke zuwa bisa larura: kantunan abinci, wuraren rabon tallafi, asibitocin unguwa, wuraren gwaji. A nan aka sa shingaye a tsakiyar titi domin mai tsallakawa ya samu wurin tsayawa, aka matse kwanoni domin direba ya rage gudu dole. Daga mil 74 ɗin da aka yi alkawari, kimanin 21 ne aka aiwatar, kuma a farkon 2022 aka kwashe shingayen wucin gadin. Wani zai ce shirin ya faɗi. Ni ban ga haka ba, domin birnin ya gane wane ne mai tafiya a ƙasa na haƙiƙa, kuma ya gane hakan da kuɗi kaɗan kafin ya zuba siminti a inda ba a buƙata.

A birnin New York kuma an ga ɗaya fuskar. A unguwar Jackson Heights, wadda ke cike da baƙi 'yan ci-rani, ba ta da wadatattun filayen shaƙatawa, kuma tana dab da asibitin Elmhurst da ya cika maƙil da marasa lafiya a farkon annobar, an rufe wani titi mai suna 34th Avenue na tsawon kimanin kilomita biyu. Mutanen unguwa da kansu suka riƙa fitowa da safe su ja shingaye, da dare su mayar. Yara suka samu wajen wasa, tsofaffi suka samu wajen zama, masu ƙananan sana'o'i suka samu ciniki. A wasu unguwannin da babu masu kula, shingayen karyewa suka yi motoci suka dawo. A 2021 birnin ya mayar da shirin rufe titunan doka, kuma wannan titin yana cikin waɗanda suka ɗore, saboda masu wurin sun ɗauke shi nasu.

Malam Edita, ban kawo wannan don a ce mu kwafo Paris ba. Na kawo shi ne saboda duk wanda ya zauna a Kano a 2020 ya tuna ranakun Litinin da Alhamis da ake sassauta kulle na 'yan sa'o'i domin a sayi abinci. Gari guda ya tunkari kasuwa a lokaci ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, ana kuma ta shelar a ba da tazara. Da an rufe titunan da ke kewaye da kasuwannin a waɗannan sa'o'i, an bar masu kayan gwari da hatsi sun baje a kan kwalta da sarari tsakaninsu, da shelar ta yi ma'ana.

Kuma rufe titi saboda jama'a ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk ranar Juma'a ana tare hanya a kewayen manyan masallatai, sahu ya fito har kan kwalta, direba ya sake hanya ba tare da ya yi ƙorafi ba. Ana rufe hanyoyi saboda hawan sallah. A unguwa ma ana kafa rumfar ɗaurin aure ko zaman makoki a tsakiyar layi, kowa ya kewaya. Mun yarda titi na iya zama na mutane na 'yan sa'o'i idan akwai dalili mai girma. Abin da ya rage mu yarda shi ne ran yaron da ke tsallaka titi zuwa makaranta kullum, da na matar da ke goye da jariri a ƙofar asibiti tana jiran mota ta yi mata rangwame, shi ma dalili ne mai girma.

An gina mana gadojin sama da na ƙasa a shekarun nan, ban kuma raina amfaninsu ba. Amma mafi yawan mutanen garuruwanmu ba su da mota. Wanda ya hau Adaidaita Sahu ma da ƙafa yake ƙarasawa. Ɗan garuwa da mai tura baro da almajiri da mai talla, duk a bakin kwalta suke raɓawa, tsakanin kwata da taya. Inda aka yi musu ɗan wajen tafiya kuwa, ko an ajiye mota a kai, ko an kafa janareta, ko an kasa kaya. A nan ma darasin Oakland yana aiki: korar mai kasa kaya da bulala ba ta taɓa ɗorewa ba, gobe zai dawo domin a nan abincinsa yake. A zauna da shi da shugabannin kasuwa da ƙungiyar direbobi da mai unguwa, a shata masa wuri, a shata wa mai wucewa nasa, a gwada da fenti da durom na wata uku. In ya yi, a zuba siminti. In bai yi ba, a matsar da durom ɗin.

Roƙona gare ka shi ne ka tura wakilinka ƙofar babbar kasuwa ɗaya, da asibiti ɗaya, da makarantar firamare ɗaya da ke bakin babban titi. Ya tsaya awa guda da safe ya ƙirga masu wucewa a ƙasa da masu wucewa a mota, ya auna faɗin da aka bar wa kowane ɓangare, ya tambayi masu tsallakawa inda suka fi jin tsoro. Sannan a kai wa hukumomin tsara birane da na kula da hanyoyi abin da aka samu, a buga mana amsarsu a wannan jarida.



Naka,
Wani mai karatu daga Kano